Kofunan Inna Otal

Babu wanda bai san kabet ɗin Inna Otal ba a dangi. Yana tsaye a kusurwar falonta, tsakanin firji da taga. A bayan gilashinsa akwai kofunan shayi na tangaran, farare tas masu zaren ruwan zinariya a baki, kowanne zaune a kan ɗan farantinsa, butarsu a tsakiya. Makullin kuwa kullum yana ƙulle a bakin zanenta. Aikinta ne ya jawo mata sunan: tun da ƙuruciyarta take wanke-wanke a kicin ɗin wani babban otal, har ruwan zafi ya cinye mata farata, har ƙarfi ya ƙare ta dawo gida.

Labarin da kowa ya haddace shi ne, manaja da kansa ya miƙa mata kofunan a gaban ma'aikata, saboda ba ta taɓa fasa ko faranti ɗaya ba. Gaskiyar kuwa ita kaɗai ta sani. Fasassu ne. A kwali ta gan su bakin shara, ta roƙi babban kuku ya bar mata. A lokacin dangin mijinta sun sa ta a gaba, ba su da sunan kiranta sai mai wanke ragowar mutane. Ta kawo kwalin gida, ta zauna da gam ta liƙe mariƙan da suka ɓalle, ta jera su, ta juya duk wata tsaga tana kallon bango. Da aka tambaye ta, sai bakinta ya riga hankalinta. Ƙaryar ta zauna daram, 'ya'ya suka taso suka tarar da ita.

Jikarta ce ta tono zancen ba da saninta ba. 'Yar Tsigi ake ce mata, saboda ƙanƙantarta da kaifin baki. Tana da wani littafi mai hotuna da take yawo da shi har ya yi laushi. A ciki kunkuru mai tabarau ya gayyaci agwagwa da ƙadangare shan shayi a gindin bishiya. Da ranar haihuwarta ta matso, ta ce ita walimar kunkuru take so, sak yadda take a littafi.

"Kaka, duba nan," ta ce, ta ɗora littafin a cinyar Inna. "Kofunan kunkuru irin naki ne. Har zinariyar."

"Ke tafi can, tsohuwar banza. Ni sa'ar kunkuru ce?"

"Ai na riga na gaya wa 'yan ajinmu. Na ce kakata ce ta fi kowa iya aiki a duniya, shi ya sa aka ba ta. Za ki ba ni aro, ko?"

Inna ta dubi idanun yarinyar, ta ji kanta tana cewa, "To."

Gida ya kacame da shiri. Uwar yarinyar, 'yar Inna wadda ake kira Nas, tana dawowa daga asibiti sai ta baje kwalaye a tsakar falo tana yanka ƙoƙon bayan kunkuru. Kawu Tela ya ɗinka bakunan agwagwa da ragowar rawayan yadi, ya gwada ɗaya a fuskarsa, matarsa ta ce ya fi kyau a haka, ya bar shi kawai. Kowa na dariya ban da Inna. Ta ce makulli ya ɓata, 'Yar Tsigi ta nuna bakin zanenta. Ta ce yara za su ƙone, Nas ta ce ai sai shayin ya huce.

Wata rana da hantsi, gida ba kowa, ta buɗe kabet ɗin. Ta ɗauki kofin da ya fi lafiya ta kai kicin, ta zuba ruwan ɗumi don ta gani ko zai riƙe. Ruwan ya fara tsattsafowa ta gindi. Kafin ta ajiye, mariƙin ya zauna a yatsanta, kofin ya faɗa cikin kwano.

"Inna, me nake gani haka?"

Nas ce a bakin ƙofa, da jakarta a kafaɗa. Ba ta jira amsa ba. Ta wuce falo, ta riƙa juya kofunan ɗaya bayan ɗaya. Tsohon gam ya yi ruwan ƙasa a kowace tsaga. Butar ma ba ta da rabin baya.

Inna ta zauna a kan kujerar kicin, ta faɗi komai, idonta a kan tayil.

"Kin tuna ranar da na ɗauki makullin nan ina ƙarama?" in ji Nas. "Da silifa kika bi ni har waje. Na girma ina ganin ko hannuna ne bai isa taɓa abu mai daraja ba. Ashe a kan kayan bola na sha duka."

"Tsoro na ji kar ki juya su," in ji Inna.

Nas ta tsamo kofin daga cikin kwano, ta ajiye a gefe. Sannan ta ce za ta shiga kasuwa ta nemo masu kama da su, a musanya, ba wanda zai sani. Inna ta so ta amince, Allah ya sani ta so. Amma ta hango 'Yar Tsigi tsaye a gaban ƙawayenta tana maimaita zancen manaja da ƙarfinta, da gaskiyarta.

"A'a. Ya isa haka. In ta dawo makaranta ki turo min ita."

Da yarinyar ta dawo, ta saurari bayanin Inna baki a tunzure. Ta shafa wata tsaga da yatsa.

"Kenan ƙarya kika yi, Kaka?"

"Ƙarya na yi, ƙawata."

"Ni in na yi, Mama hana ni kallo take." Ta ɗan yi tunani. "Amma kin ce to. Sai kin ba ni."

Ranar walima aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi a tsakar gida. Kofunan Inna suka fito a karon farko, wasu an cika su da sukari, wasu da furanni, shayi kuma a kofunan roba. Ƙananan kunkuraye da agwagi suka kewaye teburin, iyayensu mata na zaune a gefe. Wata agwagwa ta miƙa hannu, 'Yar Tsigi ta daka mata tsawa daga bayan tabaran kwali:

"A hankali! Na kakata ne. A shara ta tsinto su, ta liƙe da kanta. Zancen manajan nan ƙarya ne, ta daina."

Hira ta tsaya cak a gefen iyaye. Inna tana tsaye da tukunyar shayi. Ta yi niyyar komawa ɗaki, sai ta ga layin kofunan roba an miƙo mata. Ta sunkuyar da kai, ta fara zubawa daga na farko.