Darasin Kasko Ɗaya

A ƙungiyarmu ta mata masu man gyaɗa, can ƙauyenmu kusa da Dantchiao, darasi ba ya wuce suyar kasko ɗaya. Goggo ce ta kafa dokar, ƙanwar babana, shugabarmu.

Kafin nan masu furoje, ma'aikatan raya karkara, kan zo daga Magaria su zaunar da mu tun hantsi har la'asar, kamar ƴan lakwal a aji. Wallahi mu tashi ba abin da ya zauna a ka sai ciwon baya. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sai Goggo ta ce duk ranar taro a ɗora kasko, a zuba gyaɗa, mace ɗaya ta koya mana abu ɗaya tak. Da ƙamshi ya tashi, magana ta ƙare, ko a tsakiyar zance ne.

Haka muka koyi ɗaurin buhun wake yadda ƙwari ba za su ci ba, da gane gyaɗar da ta yi fumfuna, da cewa ƴar ƙungiya tana da ikon tambayar shugaba ido da ido. Ni kuwa, uwar surutu, an sha katse ni. In tashi ina kumbura, mata na yi mini dariya: "Yaya, bakinki ya fi kasko faɗi!" Kai, Allah sarki wancan zamani.

Da idon Goggo ya mutu, ɗanta ya ce za ta koma wurinsa Damagaram. Mun san ba dawowa. Ranar darasinta na ƙarshe ni ce a bakin murhu. Kan zaɓen sabuwar shugaba take magana, a hankali, tana hutawa. Raina ya ɓaci, ban so ta gama ba. Na shiga zare itace ɗaya-ɗaya don wutar ta lafa. Duk mata sun gani, suka kawar da kai.

Can sai ta ɗaga hanci.

"Ke ɗiyata, wa ya kashe mini wuta?"

"Goggo, itacen ne ɗanye."

"Ƙarya kike, ja'ira. Mayar da shi. Dokar ba ta ce ban da ni ba."

Na mayar ina hawaye, na ce hayaƙi ne. Wuta ta kama. Tana cikin cewa, "Wadda za ku zaɓa, ku duba ko tana iya..." sai ƙamshi ya tashi. Ta rufe bakinta gum. Muka roƙe ta, muka roƙe ta, ta ce a sauke kasko kar gyaɗar ta ƙone.

Kashegari kabu-kabu ya kai ta bakin kwalta. Ba ta sake ganin damina ba, Allah ya ji ƙanta.

Har yau muna ɗora kaskon, yanzu jikokinta ke juyawa. Duk ranar zaɓe sai an yi gardamar abin da ta so faɗa, kowace da nata ƙarashen. Ni ba na sa baki. Ina dai zaune kusa da murhu, ina gyara wuta.