Gurbi Huɗu, ’Ya’ya Biyar

Yau shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Rukayya, Allah ya jiƙanta da rahama. A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi kowa daga ranar Alhamis ɗin da aka kai ta makwancinta yake ƙirgawa. Ni tawa ƙirgar ta fara ne wata bakwai kafin nan, da ƙarfe biyar saura kwata na wata yammar Asabar, lokacin da Baba ya dawo daga masallaci ya miƙo mini takarda da biro, ya ce, “Safiya, ke ce mai kyan rubutu, zo ki cike mana wannan.”

Takardar inshorar lafiya ce. A shekarun nan da mulki ya dawo hannun farar hula, kamfanoni sun fara kawo wa ma’aikatansu irin wannan tsari. Baba yana aikin sito a wani kamfanin robobi. Duk wanda ya yarda, za a riƙa cire wani abu daga albashinsa kowane wata, a ba shi kati, shi da iyalinsa su riƙa zuwa wani asibitin kuɗi ba tare da an tambaye su ko sisi ba. Abokan aikinsa da yawa sun ƙi. Wasu suka ce ga asibitin gwamnati nan, na me za su biya kuɗin ciwon da bai zo ba? Baba ya yarda ne saboda Zulai, ’yar ƙaninsa da ya rasu, wadda aka kawo gidanmu tana shekara uku. Zulai tana da sikila, kuma Baba ya gaji da tsayuwa a layin kati da ita a kafaɗa tana kuka.

Takardar ta ba da gurbin mai gida, da matarsa, da ’ya’ya huɗu waɗanda ba su kai sha takwas ba. Mu kuwa biyar ne: Yaya Rukayya mai sha bakwai, ni mai sha huɗu, ƙannena maza biyu, sai Zulai. Baba yana faɗa ina rubutawa. Ya fara da Zulai, ya bi da ƙannena, ya rufe da ni. Gurbi ya ƙare.

Ba wanda ya yi mamaki. Mutumin kirki ba ya barin marainiyar ɗan’uwansa a waje ya sa nasa. Idan kuma dole a bar ɗaya daga cikin nasa, ’yar fari za a bari, don ita ake kunya. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya kira sunanta ba; “yayarku” yake cewa. Umma ma haka.

Yaya tana tsakar gida tana kwaɓa lalle, don tun a lokacin ta fara yi wa amare ƙunshi, har daga Darmanawa ake zuwa nemanta. Ta jiyo mu, ta ɗago kai tana dariya.

“Ai gara haka, Baba. Ni ko mura tsorona take ji. A sa masu jikin tsinke irin su Farfesa.”

Ni ce Farfesa. Haka take kirana saboda ko takardar da aka naɗo ƙosai a ciki na samu sai na karanta ta.

Wannan halin ne ya sa na juya bayan takardar. Can ƙasa, da ƙananan haruffan Turanci, akwai layi guda da ya ce ana iya ƙara mutum na biyar idan mai katin ya yarda a ƙara abin da ake cire masa. Na karanta sau biyu. Na ɗago kai na dubi Baba, yana gyara zaman hularsa. Idan na yi magana, zan zama yarinyar da ke koya wa ubanta yadda zai yi da albashinsa, kuma a kan ’yar farinsa, a gabanta. Bakina ya yi nauyi. Na ninke takardar daidai yadda ya ba ni, na miƙa masa da hannu biyu.

Wata bakwai bayan nan, ranar wata Asabar, cikin Yaya ya fara ciwo. A nan ne na ga bambancin mai kati da mara kati, tun kafin a je ƙofar kowane asibiti. Idan Zulai ta ce yatsanta na ciwo, Umma hijabi kawai take zurawa ta ɗauki kati, kafin awa guda likita ya gan ta. Da aka zo kan Yaya sai aka aika kemis na bakin titi. Ranar farko mai kemis ɗin ya ce olsa ce. Rana ta biyu ya ce taifot ce, ya yi mata allura. Ba wanda ya yi mugunta a gidanmu. “Mu gani zuwa gobe” kawai aka riƙa cewa, ita ma tana taya su faɗa. Ranar Lahadin ma sai da ta ƙarasa ƙunshin wata amarya, tana duƙe, hannunta ɗaya a kan mararta.

Da hantsin Litinin ta fara amai, jikinta kamar garwashi. Ƙafafun Umma suka kai mu asibitin da suka saba. Matar da ke karɓar kati ta duba, ta sake dubawa, ta ce a hankali, “Hajiya, ki yi haƙuri, sunanta ba ya ciki.” Likitansu ya ce aiki za a yi, aka faɗi abin da za a ajiye kafin a shiga da ita, abin ya fi ƙarfin aljihun Baba. Muka sake tarar mota zuwa asibitin gwamnati.

Ba zan ci zarafin mutanen can ba. Mun tarar da jama’a har bakin baranda, ba gado, aka shimfiɗa mata zane a benci. Wata likita ’yar siririya, wadda da gani tun safe ba ta zauna ba, ta danna cikin Yaya sau ɗaya, fuskarta ta sauya. Ita ta bi ta kan layi ta sama mata wuri. Amma sai da aka rubuto mana abubuwan da za mu sayo, sai da aka nemo jini, sai da aka jira aka fito da wanda ke ɗakin tiyata. Da aka buɗe ta bayan magariba, ashe afendis ne, kuma ya riga ya fashe. Ta yi kwana biyu tana farkawa tana komawa. Ranar Laraba ta gane ni, ta ce, “Farfesa, ba ki je makaranta ba? Yau za a yi ruwa.” Da safiyar Alhamis ta cika.

Na yi imani kwananta ne ya ƙare. Ba likitan da ya taɓa ce mana da an kawo ta ranar Asabar da ta rayu, kuma wataƙila asibitin kuɗin ma can za su tura mu. Duk na san wannan. Bai hana ni ganin layin nan na bayan takarda duk lokacin da na buɗe littafi ba.

Yanzu ina shekarar ƙarshe a jami’a. Tallan inshora ya cika rediyo, har a kasuwar Tarauni za ka ga ’yan mata da riguna iri ɗaya suna raba takardu, gwamnati ma ta fito da nata tsarin. Da Yaya tana nan da ta tsaya ta yi ciniki da su kamar mai sayen atamfa, ta sa su dariya, sannan ta kawo mini takardar ta ce in karanta mata har ƙasa. Da yanzu tana da shagonta da ’ya’yanta, kuma ina yawan tambayar kaina ko ita ma za ta ji kunyar rubuta sunan nata ɗan farin. Ina jin ba za ta ji ba. Ba ta da nauyin baki irin namu.

Ƙawayena da suka yi aure sukan tambaye ni ko ya dace su biya, tunda ga asibitin gwamnati. Nakan ce musu Zulai tana raye, ta gama sakandare bana, kuma ba na jin da ta kawo yau ba don katin nan ba. Nakan ce katin ba ya maganin komai; akwai cututtukan da ba ya ɗauka, akwai ranar da za a ce sai an jira izini, kuma babban aiki yawanci asibitin gwamnati ake komawa. Amfaninsa da na gani da idona shi ne yana fitar da mutum daga gida tun ranar farko. Sai in ƙara da cewa su ƙirga kowa da ke kwana a gidan, da bakinsu, da suna, kafin su sa hannu. Ba na faɗa musu dalili.

Abin da ya rage mana nata kaɗan ne. Zulai ta gaji hannunta a ƙunshi. Matan da ta yi wa lalle suna tsayar da Umma a hanya, da ’ya’yansu a goye, su yi mata addu’a. Gidanmu kuma har yau bai sake samun mai sa Baba dariya har ya cire hula ba.

Makon jiya na kasa ci gaba da riƙe abin. Baba ya yi ritaya, yana zaune a soro bayan la’asar da rediyonsa. Na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ban tashi ba, har ya rage muryar rediyon.

“Lafiya, Safiya?”

Na gaya masa komai, kaina a ƙasa. Na ce na ga layin, na karanta shi sau biyu, na yi shiru. Na ce, “Baba, da na faɗa maka, da ka sa ta?”

Da ya yi magana, da kyar na ji muryarsa.

“Ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan, shekara tara? Ai na sani tun kafin in kawo miki takardar. Mutumin kamfanin inshorar ya faɗa mana a wurin aiki, ya ce mai son ƙara wani ya ɗaga hannu ya faɗi sunansa. Kuɗin ba su fi ƙarfina ba. Mutane ne cike da ɗakin, har da sa’o’in mahaifina, na kasa ɗaga hannu in ce ’yata ta fari. Tashi ki share idonki, ’yar nan. Wannan ba kayanki ba ne, nawa ne.”