Mutanen Bayan Raga

Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ja da baya, gero ya sunkuyar da kai a gonakin bakin gari. Shekarar kuwa ita ce wadda aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, Gombe ta zama kamar kowa yana sauri zuwa wani wuri. Duk gidan da ka wuce rediyo ne ke magana, mai keke ya koma babur, masu jinka suna yaye ta suna buga kwano. Maigidana yana aiki a tashar jirgin ƙasa, shi ma ya sami rabonsa, ya sayo mana rediyo mai rigar fata. Ni kuma a shekarar nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi da wasali da girmana. Komai yana ƙaruwa a garin a lokacin, har da surutu.

Mutum ɗaya ne a gidanmu surutun bai shafa ba, shi ne ɗana na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, don ko a baki ban taɓa faɗinsa ba. Haka aka tashe mu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a tsaya masa a gaban mutane. In zan ba shi abinci sai in ce wa ƙanwarsa, kai wa wancan.

Yana da i'ina tun yana ƙarami. In hankalinsa a kwance yake maganar takan fito, a hankali, kamar ana zuba zuma daga kwalba. In ya ƙagu kuwa sai kalmar ta tsaya masa a maƙogwaro, ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ke fitowa. Saboda haka ya koma magana da hannu. Yana koyon gyaran babur a wani gareji kusa da Kasuwar Gombe, 'yan dako kuma nan suke kai amalankensu in ƙafa ta goce ko taya ta sace. Sun saba da shi har ba ya buƙatar buɗe baki. Ya ɗaga yatsa su miƙo sifana, ya karkata tafi su ɗaga amalanken.

Da yamma kuma gola ne a kulob ɗin gari. Abin da na sani na ƙwallo a lokacin bai wuce baƙar rigar nan mai dogon hannu ba, jesi suke ce mata. Ta kulob ce, amma wanda yake gola shi ke tafiya da ita gida. Duk ranar Lahadi nakan same ta rataye a igiya da jar ƙasa a gwiwar hannu, in wanke in shanya.

Sai suka je wasa wani gari a bayan babbar mota. Labarin ya riga shi isowa gida. Mutanen can sun gano yana da i'ina, suka tsaya bayansa suna kwaikwayonsa tun daga farko. Can aka ɗago ƙwallo sama, ya fito zai kama, wani mai tsaron bayan kulob ɗinsu shi ma ya taho da gudu bai gan shi ba. Kalma ɗaya ce za ta raba su, ya ce masa bari, ita kuwa ta ƙi fita. Suka yi karo, leɓen mai tsaron bayan ya fashe sai da aka ɗinke, ƙwallon ta gangara cikin raga.

Bayan kwana biyu kocinsu ya yi sallama da maigidana a zaure. Ina tsakar gida ina tankaɗe, katangar kuma ba ta da kauri.

“Baba, hannu kam yana da shi, ban taɓa samun mai hannunsa ba,” in ji kocin. “Amma gola baki ne. Shi ke ganin fili duka, shi zai ce wane koma, wane bari. Akwai wani ɗan kwaleji, bai kai shi kamu ba, amma ana jin muryarsa daga tasha.”

“To yanzu me ake ciki?” in ji maigidana.

“Ranar Asabar muna da baƙi a gida. Zan sa ɗanka. In aka sake irin ta ran nan, sai in karɓi jesin.”

“Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.”

Iyakar abin da uban ya ce ke nan. Ni ko hakan ban samu na faɗa ba. Na dai ƙara masa tsoka a miya a daren, ƙanwarsa ta kai, kwanon ya dawo da tsokar a ciki.

Ina da maƙwabciya 'yar ƙabilar Ibo, kowa Madam yake ce mata. Sun dawo Gombe bayan yaƙin basasa, mijinta yana sayar da kayan gyaran keke, ita kuma ranar wasa takan kafa rumfa a bakin fili ta sayar da lemo da gyaɗa. Ranar Juma'a ta shigo aron turmi, ta dube ni.

“Maman gola, gobe za ki raka ni.”

“Ni? Filin ƙwallo? Me zan ce wa mutane?”

“Wa ya ce ki ce wani abu? Ki zauna bayan zana ki ƙulla mini gyaɗa. In ɗanki ne ba kya so ki gani, ki kalli ɗan wata.”

Da na faɗa wa maigidana sai ya daɗe yana murɗa rediyo. Sannan ya ce taimakon maƙwabci ba laifi ba ne, shi dai yana da aiki a tasha gobe, ba zai sami zuwa ko'ina ba.

Filin ba shi da katanga a lokacin, igiya ce aka zagaya, mutane suka yi mata sahu har uku, wasu a kan bishiya, wasu a kan rufin mota. Rumfar Madam tana bayan raga ɗaya. Na zauna a kan akwatin kwalabe, na buɗa zanan kaɗan daidai ido. Da aka fara, ɗana yana can ɗaya ƙarshen, baƙar riga kawai nake hangowa. Golan baƙin ne a gabana, wani siririn yaro mai hula.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Mahautan kasuwa sun zo da kalangunsu, in ƙwallo ta zo wajenmu sai kiɗan ya haukace, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin akwatin da nake kai. 'Yan wasanmu kamar ana tura su daga baya. Wani gajere da na sani yana tallan burodi a unguwa, wanda ko gaisuwa a sanyaye yake yi, na gan shi yana ratsa manya uku. Baƙin kuwa ƙwallo tana zuwa ƙafarsu sai su yar da ita da sauri kamar garwashi. Mutane kuma ba su bar golansu ya huta ba.

“Mai hula, an ce ka zo gida, akuyarku ta haihu.”

“Bar shi, ba ya ji, yana lissafin kuɗin mota.”

Aka yi ta dariya. Yaron ya yi kamar bai ji ba, amma na ga yana ta goge tafinsa a wando. Da mai burodin ya buga wata ƙwallo da ba ta da wani ƙarfi, sai ta zame masa ta shige. Filin ya tashi gaba ɗaya, Madam ta rungume ni har gyaɗa ta zube. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma na tuna shi ma wannan yaron wata ce ta wanke masa riga, kuma abin da ake yi masa ɗan'uwan abin da aka yi wa nawa ne a wancan garin.

Wani abu kuma ya ɗaure mini kai. Duk sanda ƙwallo ta haura wajen ɗana, sai kalangun ya ɗauke ɗif, mutane su yi tsit. Daga can nesa sai in ji wata murya mai kauri, kamar mutane da yawa sun haɗa baki, ta faɗi abu ɗaya ta yi shiru. Na tambayi Madam, ta ce in jira, za su zo su same ni.

Da aka tafi hutu aka sauya gefe, sai ga su sun zagayo da sassarfa. 'Yan dakon kasuwa ne, wasu da gammo a kafaɗa, ƙurar buhu ba ta bar gashinsu ba. Suka jeru a bayan ragar, dab da rumfarmu. A tsakiyarsu akwai wani ƙato, mutumin Tangale, wanda na sha ganin yana sauke buhunan gyaɗa. Ɗana ya zo ya tsaya a bakin raga, bai waiwaya ba. Ban taɓa ganin bayansa na tsawon lokaci haka ba. Ashe ya yi faɗi.

“Tun ranar Laraba suke zuwa wajen atisaye,” in ji Madam a kunnena. “La'asar na yi su bar kaya a kasuwa. Ba wanda ya aike su.”

Sai da aka koma wasa na gane aikinsu. Duk filin ƙwallo yake kallo, su kuwa hannun ɗana suke kallo. Ya nuna hagu ya jawo tafi, su ce da baki ɗaya, “Na hagu, koma.” Ya tura hannu biyu gaba, su ce, “Ku fita.” Ya nuna wani baƙo da ya saci jiki ya tsaya shi kaɗai, su ce, “Ga mutum a bayanka.” Yadda suke miƙa masa sifana a gareji, haka suke miƙa masa magana. Mahautan kuma, waɗanda in suka fara kiɗa ko a biki ba a iya tsayar da su, suna danne kalangu a hammata har sai ƙwallon ta bar wajen. Mutanen da suka zo ihu, su ne suke kame bakinsu don a ji na wani. Akwai lokacin da aka kusa ƙara ci a can gaba, kowa ya yi tsalle, ƙaton nan ko kai bai ɗaga ba.

Baƙin suka gane, kyaftin ɗinsu ya je yana yi wa rafali ƙorafi yana nuno su. Rafalin ya buɗe hannu. Wani daga cikin 'yan dakon ya ce, “Ranka ya daɗe, hira muke yi, an hana hira ne?”

Rana ta yi ƙasa, baƙin suka matso da ƙarfinsu duka. Sai aka ɗago wata ƙwallo sama daga nesa, irin wadda aka ba ni labari. Yaron nan mai ɗinki a leɓe ya juyo yana gudu wajen raga, idonsa a sama. Ɗana ya fito. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na san kalmar ta tsaya. Sai ya daki ƙirjinsa da tafi.

“Ta gola ce!”

'Yan dakon ne da baki ɗaya, har kwalaben Madam sai da suka amsa. Mai ɗinkin ya zube ƙasa a inda yake kamar an sare shi, ɗana ya tashi ta kansa ya cafe ƙwallon, ya sauko ya rungume ta. Ni dai na tarar da ƙullin gyaɗa ya fashe a hannuna. Madam ta ce ta ji ni ma na faɗa tare da su. Ban sani ba. In ma na faɗa, ba sunansa ba ne.

Da aka tashi mutane suka cika fili, ba na ganin kowa. Can sai ga kocin ya zo rumfa shan lemo, ƙaton nan yana biye da shi, ni ina bayan zana.

“Yau kam kun yi,” in ji kocin. “To in mun tafi waje fa? Can ba ku.”

“Ka ba mu bayan mota.” Muryar ƙaton ta dushe, da ƙyar take fita.

“Motar ba za ta ɗauke ku duka ba.”

“Koci, mu da muke loda ta? Mu ne za mu rasa wurin zama?”

Kocin ya yi dariya ya ajiye kwalba. “Shi ke nan. Ku zaɓo mutum huɗu masu baki. Jesin kuma golanku ya riƙe abarsa.”

Na riga kowa komawa gida. Bayan magariba ɗana ya shigo, ya rataya baƙar rigar a igiya, ya ce, “Inna, sannu da gida,” ta fito masa sumul. Na ce yawwa, na ce wa ƙanwarsa ta kai wa wancan tuwo. Uban ya shigo daga baya yana tura keke, ya yi sallama da wata murya kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba. Na ce lafiya? Ya ce sanyin tasha ne ya kama shi. Na dubi takalminsa, jar ƙasar fili ce har idon sawu. Na ce Allah ya sawwaƙe.

Washegari bayan asuba na jiƙa jesin a bokiti, na hura wuta. Na daka citta da kanumfari da masoro, na tafasa a babbar tukunya, na matse lemon tsami, na juye sauran zumar da nake ɓoyo. Na cika kofi ɗaya na ajiye wa mai sanyin tasha a ƙofar ɗakinsa. Sauran na zuba a tulu, na yafa mayafi, Madam ta kama mini muka nufi kasuwa.

Muka same su a inda ake sauke kaya, suna magana da hannu su ma, don ba mai sauran murya. Na ajiye tulun na ce sannunku da aiki. Ƙaton ya dube ni, ya dubi Madam, ya cire gammo daga kansa ya rusuna, ya yi magana da ƙyar.

“Inna, ke ce mahaifiyar golanmu?”

Na ce, “Ku sha tun da zafinsa.”