Hajiya Risikat Ganiyu da Wayar Gidan Tsohuwa

Haihuwa da Karatu

An haifi Hajiya Risikat a garin Funtua cikin shekarar 1947. Mahaifinta, Alhaji Ganiyu, Bayarabe ne mai sayar da kayan keke kusa da tashar jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa ita ce Abike, mai sayar da atamfa. Ta yi firamare a Funtua, kuma tun a lokacin duk wanda ya bar rediyonsa a gabanta sai ya dawo ya tarar da hanjin rediyon a waje. A 1963 ta shiga makarantar koyon sana'a a Kaduna, mace ɗaya tilo a ajin lantarki, ta fito da sakamakon da ya rufe bakin masu yi mata dariya.

Aiki da Aure

Daga 1967 ta yi aiki a wata masana'antar gurzar auduga a Funtua. A 1973 ta auri Malam Aƙilu, malamin gona, suka tare a Unguwar Labo da ke kusa da Ƙarfi a ƙasar Malumfashi, garin da a lokacin bai san wani haske ba sai na aci-bal-bal.

Tashar Iska da Ruwa

A 1977 ƙungiyar manoman garin ta kafa manyan fankoki masu samar da lantarki daga iska, da ƙaramin inji a gindin madatsar ruwa, aka damƙa mata ragamar tashar. Ranar da aka kunna, guɗa ta kai har gonaki! An ja waya zuwa masallaci, da coci, da injinan niƙa, har zuwa Gidan Tsohuwa, wata unguwar Maguzawa da ke can ƙarshen layi.

Sai dai iska ba ta da alkawari. Yau ta taso kamar za ta cire fanka, gobe ko ganye ba ya motsi, kuma da masu niƙa sun tayar da injinansu a lokaci guda sai wutar gari duka ta ɗauke. A 1979 Alhaji Maiwada, babban mai niƙa kuma shugaban kwamitin tashar, ya kawo shawarar a yanke wayar Gidan Tsohuwa domin a rage nauyi, aka kuma amince. Hajiya Risikat ta ƙi fur, ta ce: "Ranka ya daɗe, ku ba ni zuwa faɗuwar damina. In wuta ba ta zauna ba, ni da hannuna zan cire."

Dabarar da ta fito da ita abar al'ajabi ce. Ta sa aka haƙa tafki a kan tudu, idan iska ta yi yawa sai famfo ya tura ruwa can sama, idan ta kwanta a sako shi ya juya inji. Sannan ta ɗauko Baƙo, makaɗin Gidan Tsohuwa, ta tsara masa kiɗa iri biyu: ɗaya na cewa wuta ta ƙoshi, masu niƙa da walda su tashi, ɗaya na cewa a kashe manyan injina a bar wa gidaje. Da an ji gangar farko sai ka ga mata da ƙwaryar dawa a ka suna rige-rige. Damina ta faɗi, wuta ba ta ɗauke ba, waya ta tsira.

Farin 1984

Da ruwan sama ya yi ƙaranci a 1984 madatsar ta ja baya ƙwarai, maganar yanke waya ta sake tasowa. Ta raba garin unguwa-unguwa, kowace da ranar da za a ɗauke mata wuta, ta fara ɗauke wuta daga gidanta. Wannan ya ɗaure bakin kwamiti, domin babu mai fuskar da zai yi ƙorafi alhali mai tasha tana cin tuwo da fitilar ƙwai. Ta sauke faralin aikin Hajji a 1986.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar wata Laraba cikin watan Maris na 1989, bayan gajeruwar jinya, aka yi mata sutura a Unguwar Labo. Maguzawan Gidan Tsohuwa sun zo kaf ɗinsu, suka tsaya a bayan sahu har aka idar da salla, hankalinsu a tashe, domin ba su san makomar wayarsu ba. A bakin kabari Alhaji Maiwada ya juyo gare su yana hawaye, ya ce: "Baƙo, ku kwantar da hankalinku. Muddin ina numfashi ba mai taɓa ta."

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya uku, waɗanda yanzu duk sun girma: Mudi, malamin makaranta a Dayi, da Barakatu, ma'aikaciyar jinya a Funtua, da Kulu, wadda ta gaji tashar. Mutanen Gidan Tsohuwa sun roƙi a rubuta su a matsayin ɗanta na huɗu, kuma mai rubuta wannan tarihi bai ga dalilin hana su ba.