Duwatsun da Kaka ya jera a karkace

Damina biyar ke nan da rasuwar kakana, Anzaku. Ina firamare ya rasu, yanzu ina sakandare a Lafia, amma duk hutun da na hau hanyar ƙauyenmu da ke kan dutse, ƙasa nake kallo, kamar yadda na ga yana yi.

Hanyar ta girmi mahaifina. A wata shekarar yunwa ce ma'aikatan agaji suka kawo hatsi, motarsu ta kasa hawa. Sai suka tuɓe riguna, su da mutanen gari, suka fasa dutsen da diga da guduma. Kaka yana saurayi a lokacin, shi aka ba jera duwatsu. Duk bayan 'yar tafiya sai ya binne layin duwatsu a karkace, ya ratsa hanya, don ruwan sama ya zame gefe. Har ya tsufa yana gyara su, ina biye da shi. Ba ya magana, ni ma haka. Na dai lura ba ya ajiye dutse sai ya tsiyaya ruwa daga gorarsa ya ga inda zai bi, kuma farin dutse yake sawa a ƙarshen kowane layi.

Da ya rasu, 'yan acaɓa suka yawaita. Suka ce layukan na girgiza fasinja, suka tone su. Ba da mugunta ba ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Damina biyu kawai, hanya ta zama kwazazzabo, motar doya ta daina hawa, doyar Mama ta fara ruɓewa a rumbu.

Bara maza suka fito gyara, suka tsaya gardamar inda layukan suke a da. Ina gefe ina kallon ƙasa.

"Kawu, ku zuba ruwa," na ce.

Kawu Bulus, shi ma ɗan acaɓa ne, ya juyo. "Bebiyar Kaka, ashe kina da baki? Ruwan da ya kashe mu shi za mu ƙara?"

Aka yi dariya. Wata Bafulatana mai tallan nono ta miƙo mini gorarta. Na tsiyaya. Ruwan ya karkata ya gangara, ya wanke yashi, sai ga farin dutse. Kawu ya ɗauki diga.

Nakan tambayi kaina me Kaka zai ce da ya ga babura da wayoyin hannu a kan dutsenmu. Ina jin ba zai ce komai ba, ƙasa zai duba.

Babu allon da ke ɗauke da sunansa, ko na baƙin nan da suka tuɓe riguna. Amma motar doya ta dawo. Kuma duk layin da Kawu ya iso da babur yanzu, sai ya rage gudu ya ce wa fasinja: "Riƙe da kyau, za mu gai da Tsoho."