Dajin da Baba Ya Ƙi Nunawa

Baba direban tifa ne, amma ba da tifa aka san shi a Rigasa ba. Shi ne shugaban mafarautan unguwarmu. Da an gama girbi, ran Asabar za ka ga a-kori-kura a ƙofar gidanmu, maza da gora da adda, karnuka suna ta haushi a bayan mota. Ni kam na tsani ranar, don ni ke share gashin zomo a tsakar gida, ina yi ina ƙunƙuni.

Al'adarsu, shugaba ke fita duba daji shi kaɗai kafin ranar farauta, ya dawo ya faɗi inda za a dosa. Ba a musu da shi, shi kuma ba ya ɓoye musu inda ya ga nama.

Wata shekara ya yi nisa yamma da gari kafin ya dawo. Sai da ya ci tuwo ya ce mana ya ga kyarkeci. Ban taɓa jin sunan ba. Ya ce karen daji ne mai manyan kunnuwa, jikinsa dabbare-dabbare, rabonsa da su tun yana saurayi a Zamfara, har ya ɗauka sun ƙare. Ya same su a bakin rami da 'ya'yansu. Yana laɓe manyan suka dawo daga farauta, suka amayo wa ƙananan nama. Akwai wata gurguwa da ba ta iya fita, ita ma aka ba ta rabonta.

"Mu da muke mutane," in ji shi, "mai ƙarfi ke ƙwace zomo a hannun ɗan'uwansa."

Da mafarautan suka taru, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ya ga daji cike da gada, amma ba zai kai su ba. In suka shiga da karnuka da wuta, ramin nan ya tashi, wanda ya tsira daga wuta kuma ciwon karnukan gida zai gama da shi. Ina jin su daga zaure, murya tana ta hawa. Mataimakinsa, wani Bakatsine da suka daɗe tare, ya ce, "Shugaba, naman dawa na kowa ne. Ko ka nuna mana, ko ka sauka."

Baba ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙahon da yake busa musu a daji, ya ajiye a kan tabarma.

Haushi ya kama ni, ni da ba na ma son farautar. Da suka watse na ce, "Baba, da ka yi shiru wa zai sani?"

"Ɗiyata, in yi musu ƙarya, sannan in shige gabansu?"

Har yau ban ga mutumin da ya burge ni kamar Baba a ranar ba.

Daga nan motar ta koma tsayawa a wani layi. Masu durƙusa masa suka koma ɗaga hannu daga nesa. Mafarautan sun nemi dajin, har tifarsa suka riƙa bi a babur, ba su dace ba. Ran Asabar sai ya zauna a ƙofar gida yana gyaran rediyon da lafiyarsa ƙalau.

Bayan na yi aure a Unguwar Shanu, ƙafa ta fara ba Baba wahala, nakan kai masa fura. Rannan na tambaye shi ko kyarketan nan suna nan.

Ya ce, "Allah masani. Ban koma ba."

"Ko sau ɗaya? Kai da ka bar shugabanci dominsu?"

Ya daɗe yana juya ludayi a cikin kwano.

"Kullum ina son in gan su," ya ce. "Amma in na koma, wani zai bi sawuna."