Sunana da Fensir a Littafin Vedrana

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, 'yata Vedrana ta rasu a kan jirginta, mil biyu daga gaɓar garin Komiža, tana da shekara talatin da takwas. Sai da ta fito da baƙinta shida daga ruwa, ta ƙirga su, sannan ta zauna ta ce kanta na sara. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Teku ba shi da hannu. Na faɗi haka a fili, domin shekara goma sha biyu ina tuhumarsa tun bai yi komai ba.

Vedrana, lauya na so ki zama irina. Kika bar birnin Split, kika gyara tsohon jirgin masunta mai cin mutum takwas, kina kai masu nutso su ga murjani a ƙarƙashin duwatsun tsibirinmu. Sai a wurin jana'iza na ji abin da mutane suka sani game da ke. Dattijo Jakov ya ce sau uku kina nutsawa ki kwance masa komar kamun kifi daga dutse, ladanki burodin kifi. Wata baƙuwa ta aiko da wasiƙa cewa ranar da tsoro ya kama ta, awa guda kina riƙe da hannunta a saman ruwa, ba ki nuna gajiya ba.

Kina da ƙa'ida a littafinki. Wanda ya nemi gurbi a jirgi, da fensir kike rubuta shi; sai ya tabbatar kike bi da biro. Kowace bazara kina rubuta sunana, kowace bazara ina kawo uzuri: taro, shari'a, ciwon gwiwa.

Iyakata bakin gaɓa. In kin tayar da inji, sai in ɗaga miki babban yatsa. Wata safiya kika yi dariya har kika saki sitiyari, kika kira ni da sunan da kike tsokanata da shi.

"Farfesa, a wurin masu nutso wannan yatsan fito yake nufi. Kullum cewa kake in fita daga ruwa."

Kika haɗa babban yatsa da manuni, kika ce wannan ne lafiya lau. Na ce na gane. Ban sauya ba. Na bar ki kina zaton mantuwar tsufa ce, alhali abin da yatsan ke faɗa shi ne a zuciyata, kuma ina jin kin sani.

Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutu na har abada. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Frane, da 'yarki Lucija, da mahaifiyarki Perina, wadda ta shiga jirgin tun shekarar farko. Allah ya ba mu haƙuri.

Jiya Frane ya kawo mini littafin. A shafin 2 ga Yuni akwai sunaye bakwai da biro, na takwas nawa ne da fensir. Ya ce, "Baba, in goge?"

Na rufe littafin, sunana na nan da fensir. Ban ga murjanin ba, ban shiga jirgin ba, kuma ban taɓa haɗa miki yatsu biyun nan ba.